Proxmox Backup Server a ofishinmu na Utako: kyauta ce, amma sai ka saya mata gida

Duk wanda ke riƙe da sabar ƙaramin kamfani a Abuja, kuma VM ɗinsa, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin saba, suna kan manhajar Proxmox, ban ga abin da zai sa ya tsallake Proxmox Backup Server (PBS), manhajar ɗaukar kwafin ajiyarsu, ya tafi neman wata ba. Wanda kuma har yanzu yake kan VMware ko Hyper-V, wasu manhajojin gudanar da VM, wannan ba tasa ba ce, ko ya sauke ta ba za ta ɗauki kwafin VM ɗinsa kai tsaye ba. Gara a ji wannan tun farko, kada mutum ya kai ƙarshe ya ce na ci masa lokaci.

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba magunguna a Utako, muna kuma da reshe a Jos. Sabobi biyu ke ɗauke da mu. A cikinsu akwai VM 11, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin saba guda, kowacce tana aiki kamar mai zaman kanta: akwai ta lissafin kuɗi, ta sito, ta fayilolin ma'aikata, da sauran ƙanana. Duka bayanan sun kusa terabayit 2.

Da a kan VMware muke. Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamban 2023, kafin shekara ta fita aka daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biyan shekara-shekara, ana lissafi da yawan ƙwayoyin firosesa, mafi ƙaranci 16 ga kowace firosesa. Wannan kuma ya zo ne bayan an saki naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala ya ninka. Lissafin bai fito wa kamfani irin namu ba. Da Proxmox VE 8.2 ta fito a Afrilun 2024 da hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi, manhajar VMware da ke kan saba, sai muka fara kwashe kayanmu sannu a hankali. Ƙaurar ba ta ba ni wahala sosai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne kwafin ajiya: ina za mu riƙa ajiye shi, da me, kuma wa zai iya goge shi.

Abin da na gada a ofishin ba kwafin ajiya ba ne, ko da yake haka aka rubuta a takardar kwangila. Wani ɗan kwangila ne ya bar mana tarin sinafshot a kan VM ɗin lissafi, wani ya fi shekara. Sinafshot alama ce kawai ta yadda faifan yake a wani lokaci, kuma a kan faifan da VM take kai yake zaune. In faifan ya mutu, tare suke tafiya. VMware da kansu suna ba da shawarar kada a bar shi ya wuce awa 72, saboda girma yake yi yana nauyaya na'ura. Haka RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare: yana tsare ka daga mutuwar faifai ɗaya, amma in ma'aikaci ya goge fayil, nan take ya gogu a duka faifan. Maimaita VM zuwa saba ta biyu ma yana da amfaninsa, sai dai duk ɓarnar da ta samu ta farko, cikin mintuna za a kai ta ta biyu.

Akwai tsohuwar hanya ta saka wakili a cikin kowace VM, wato ƙaramar manhaja da ke kwashe fayiloli daga ciki tana aikawa waje. Tana aiki, kuma ga rumbun bayanai mai yawan motsi har yanzu tana da wurinta. Amma VM 11 na nufin wakilai 11 da za ka riƙa sabuntawa, kuma ranar da saba ta mutu sai ka sake girka Windows tukuna kafin ka fara maido da fayil. Hanyar da na zaɓa ita ce ɗaukar VM gaba ɗayanta daga waje, da faifanta da saitinta, yadda za a tashe ta a kowace sabar da ta samu. Aikin da PBS ke yi ke nan.

Wani kamfani da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya ke yin ta, shi ne dai mai Proxmox VE, kuma sigar farko ta fito a Nuwamban 2020. Yadda take ajiya shi ne sirrinta. Tana yanka faifan VM gutsure-gutsure, kowanne megabayit 4, ta lissafa wa kowanne lambar shaida ta SHA-256, ta matse shi, ta ajiye shi da wannan lambar a matsayin suna. Gutsuren da ta riga ta gani, ba ta sake ajiye shi, ko daga jiya ya zo ko daga wata VM dabam. Shi ya sa Windows Server guda huɗu da muke da su ba sa cin wurin guda huɗu. Abin da ya fi burge ni kuma, kowane kwafi cikakke ne a kansa. Babu zancen sai ka haɗa na Lahadi da na Litinin da na Talata kafin ka samu na Laraba, balle ɗaya ya lalace ya ja sauran. Ka goge na tsakiya, na gaba da na baya ko gezau.

Manhajar kyauta ce, amma wanda ya ɗauka ba zai kashe ko sisi ba ya yaudari kansa. Na ga ofisoshi a garin nan da suka girka PBS a matsayin VM a cikin sabar da take ɗaukar kwafinta, a kan faifai ɗaya. Wannan daidai yake da ajiye makullin sifiya a cikin motar da ka kulle. Dole ta samu na'urarta dabam, da faifanta dabam, da kalmar sirrinta dabam. Mu tsohuwar saba tokumbo muka saya mata, muka kai ta wani ɗaki a ƙasan bene, kan layin wuta da UPS ɗinta.

Dalilin raba kalmar sirri kuwa, masu garkuwa da bayanai sun daɗe da gane inda ake ɓoye kwafi. A Fabrairun 2023 harin da ake kira ESXiArgs ya kulle dubban sabobin ESXi a faɗin duniya, ta wata kafa da aka riga aka fitar da maganinta tun 2021, masu sabobin ne ba su sabunta ba. Masu irin wannan aika-aika yanzu kwafin ajiya suke fara nema su goge, sannan su kulle sauran su nemi kuɗin fansa. A nan PBS ta yi tanadi mai kyau, in ka yi amfani da shi. Sabobin aiki ba na ba su asusun shugaba. Na yi musu tikitin shiga mai matsayin DatastoreBackup kawai: suna iya ajiye sabon kwafi, suna iya maido da nasu, amma ba su da ikon goge ko ɗaya. Share tsofaffin kwafi a kan PBS ɗin kanta ake yinsa, bisa jadawalin da na sa: na kwana 14, na mako 8, na wata 12. Ko ɓarawo ya mallaki sabar aiki gaba ɗaya, hannunsa ba ya kaiwa ga na jiya.

Sai kwafi na biyu a wani gari. Wanda ya san labarin gobarar Strasbourg ba ya buƙatar a lallashe shi: ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin OVHcloud, kamfanin ba da hayar sabobi, a Faransa, kuma waɗanda kwafinsu yake a harabar guda da sabarsu sun rasa duka biyun. Mu reshen Jos ne mafita. Muka sa PBS ta biyu a can, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne wa ke neman wa. Ta Jos ce ke kiran ta Abuja da dare ta jawo abin da ya ƙaru, da asusun karatu kawai. Ta Abuja ba ta san kalmar sirrin ta Jos ba, ba ta ma da hanyar shiga cikinta. Tun siga 3.3 ta ƙarshen 2024 ana iya turawa daga nan zuwa can, amma ni jawowar na fi so saboda wannan dalili. Akwai wani ɗan akwati a saitin da ke cewa a goge a can duk abin da ya ɓace a nan. Kada ka taɓa shi. In ka kunna, duk wanda ya share na Abuja ya share na Jos.

Kwafin farko ba ta intanet ya tafi ba, lissafi ne ya hana. Terabayit 1 a kan layi mai megabit 20 a daƙiƙa yana cin awa 111, kusan kwana biyar ba tsayawa, mu kuma muna da kusan ninkinsa, a kan layin da ma'aikata ke aiki da shi. Sai muka ajiye na'urar Jos kusa da 'yar'uwarta a Utako, muka haɗa su da waya, suka gama a dare ɗaya. Da safe na zare faifan na naɗe kowanne a soso, na lika masa lambar raminsa, na zuba su a jaka, aka sa na'urar a motar kai kaya tsakanin katan-katan na magani. Na ce wa direba, "Baba, wannan jakar a gaba za ta zauna, kusa da kai, ramukan hanya a bi su a hankali." Ya ɗaga jakar ya ji nauyinta, ya ce, "Malam, zinare ne a ciki?" Na ce masa littafin bashin kamfani ne gaba ɗaya. Ya ce to ai wannan ya fi zinare, ya ɗaura mata bel. Ta Keffi da Akwanga suka bi. Daga ranar abin da ya canza kawai ke tafiya, gigabayit 20 ko ƙasa da haka a dare, awa biyu da 'yan mintuna. Sanyin Jos ma ya rage mana kuɗin AC, sai dai tsawar damina ta can ba ta wasa, dole muka sa abin kare na'ura daga tashin wuta.

An tambaye ni me ya sa ba mu kai kwafin rumbun intanet na ƙasashen waje ba. Da dala ake biya, kuma wasu har kuɗin fito da bayananka suke karɓa ranar da kake cikin tsananin buƙata. Ga dokar kare bayanai ta 2023 da ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, mu kuma muna riƙe da na asibitoci da kantunan magani. Sannan kowa ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kodebuwa, har bankuna suka rikice. Da a ranar sabarmu ta mutu kwafinmu yana Turai, sai dai mu zauna kallon juna. Na Jos kuwa, in komai ya ƙi, mota za ta ɗauko shi.

Akwai abu ɗaya da ba za ka ji mutanen Turai suna damuwa da shi ba, amma ya shafe mu. Don kada a karanta faifai gaba ɗaya kowane dare, Proxmox tana riƙe da taswirar wuraren da aka taɓa tun kwafin baya, sai a karanta waɗannan kaɗai. Da ita, kwafin VM mai gigabayit 500 yakan ƙare kafin ka gama shan shayi. Sai dai taswirar a ƙwaƙwalwar VM mai gudana take zaune, ba a kan faifai ba. Da an kashe VM ɗin ta tafi, kwafi na gaba sai an karanta komai daga farko, ko da yake sabon gutsure kawai za a aika. A ƙasar da saba ke shekara ba a kashe ta ba, wannan ba komai ba ne. A nan kuwa, a ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, UPS ya fara kuka, dole ka sauke komai. Daren da ya biyo baya kwafi yakan kai asuba. Tun da aka kai kuɗin wutar layin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wasu ofisoshin ma da gangan suke kashe sabobi a ƙarshen mako don rage kuɗin wuta. Mai yin haka ya sa a ransa cewa kwafin daren Litinin dogo ne, ya fara shi da wuri. Batirin inbata mai kyau ya fi kowane saiti magance wannan.

Abu na biyu, irin faifan da ka ba ta. Terabayit 1 na nufin gutsure kusan 240,000, kowanne fayil ne a kansa, a warwatse cikin jakunkuna 65,536. Aikin shara da ke kwashe gutsuren da babu mai buƙatarsu sai ya leƙa kowane ɗaya, aikin tantancewa kuma sai ya karanta kowanne ya gwada shi da lambarsa. Faifai mai juyawa ba ya son irin wannan tsalle-tsallen. Masu manhajar sun faɗa ƙarara cewa SSD, faifan da ba ya juyawa, suke ba da shawara, wanda kuma zai yi da mai juyawa ya haɗa da ƙananan SSD biyu a ZFS, tsarin jera fayiloli a faifai, don riƙe bayanan fayilolin. Haka muka yi, domin cika na'urar da SSD ya fi ƙarfin aljihunmu. Shara ta koma mintuna. Tantancewa har yanzu tana jan lokaci, na mayar da ita daren Asabar. Kuma kada ka firgita in ka goge tsofaffin kwafi ka ga wuri bai ƙaru ba: shara ba ta taɓa gutsure sai ya yi awa 24 da minti 5 babu mai nemansa. RAM kuma gigabayit 4, ka ƙara 1 ga kowane terabayit.

Inda ta biya ni shi ne maidowa. Wata ranar ƙarshen wata Hajiya akanta ta shigo ɗakina ba sallama, abin da ba halinta ba. Ta ce, "Malam, na shiga uku. Takardar albashi na ajiye a kan ta watan jiya, ga masu bincike suna zuwa." Na ce, "Hajiya zauna, wace rana ce kika san tana nan lafiya?" Ta ce Alhamis. Na buɗe kwafin daren Alhamis a shafin Proxmox, na danna maido da fayil, faifan Windows ɗin ya buɗe jaka-jaka kamar kana cikinsa. Ita da kanta ta nuna fayil ɗin da yatsa a kan allo. Na sauke shi na tura mata, ba a kashe VM ba, babu wanda ya sani a ofis. Ta tsaya tana kallon allon, ta ce, "Shi ke nan?" Washegari sai ga kular dambun nama a kan teburina.

Maido da VM gaba ɗaya ma akwai hanyar gaggawa: tana tashi tana aiki alhali ana kan jawo faifanta a baya. Tana yin nauyi da farko, kuma in layi ya yanke a tsakiya, abin da aka rubuta a lokacin ya tafi, don haka sai in ba yadda za a yi nake bin ta. Duk wata nakan zaɓi VM ɗaya in maido da ita a keɓaɓɓen layi, in sa ɗan bautar ƙasa da ke taya ni ya shiga ya duba rasit na ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin nan ne kuma ke nuna ko an saka qemu-guest-agent a cikin VM, wanda ke sa Windows ta daidaita faifanta kafin a ɗauki kwafi. In babu shi, kwafin zai fito kamar na na'urar da aka zare wa wuta.

Kwafinmu a kulle yake da AES-256 tun daga sabar aiki, saboda haka ko an sace na'urar Jos ba a samu komai ba. Amma wanda ya ɓatar da makullin, shi ma bai samu komai ba, kuma babu wanda zai buɗe masa, har masu manhajar. Akwai umarnin da ke buga makullin a takarda da lambar QR. Na buga biyu na kai wa mai kamfani. Ya juya takardar ya ce, "Wannan zanen fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in na mutu ko na bar aiki, duk wanda ya gaje ni da wannan zai buɗe. Ɗaya a sef ɗin ofis, ɗaya a gida wurin takardun fili." Ya ce in daina kiran mutuwa da sassafe, amma ya sa ta a ambulan ya rubuta kwanan wata.

Abin da ba aikinta ba ne, a san shi. Ba ta da manhajar ɗaukar kwafin kwamfutar Windows da ke kan tebur, ta Linux kawai gare ta. Laftof ɗin manajoji da Veeam Agent na kyauta, manhajar kwafi ta wani kamfani dabam, nake ɗaukarsu. Ba ta kuma shiga cikin rumbun bayanai na SQL Server ko kundin asusun ma'aikata na Active Directory ta zaro maka tebur ɗaya ko asusun mutum ɗaya. Wannan fagen Veeam ne, kuma Veeam ta fara karɓar Proxmox tun siga 12.2 a 2024, tana da ta kyauta mai ɗaukar na'ura 10. Ofishin da ke da VMware da Hyper-V da Proxmox a haɗe, can ya kamata ya duba. Mu rumbun lissafi muna sa shi ya fitar da kwafin kansa kowace awa zuwa wata jaka, PBS ta kwashe da dare. Ana iya sa kaset ɗin ajiye bayanai na LTO ga mai kuɗin na'urarsa. Wanda ba shi da reshe a wani gari kuma, tun 3.3 ana iya amfani da faifan da ake cirewa, a riƙa musanya biyu, ɗaya kullum yana wajen ofis.

Tallafin kamfanin da yuro ake biya, kuma ba dole ba ne. In ba ka biya ba, wani ɗan saƙo zai riƙa tare ka duk shiga, ka danna ka wuce. Wanda ya biya zai ji daɗin abu ɗaya: agogon Biyana daidai yake da namu a lokacin sanyinsu, awa ɗaya ce tsakani a lokacin zafi, ba kamar tallafin Amurka da sai mun tashi aiki suke farkawa ba.

Mai zuwa kasuwar Banex ko wani wuri sayen na'urar da zai ɗora ta, ya tafi da filasha mai Linux a aljihu. Ya tambaya ko katin RAID ɗin yana iya miƙa faifai kai tsaye ba tare da ya shiga tsakani ba, domin ZFS haka take so. Ya kunna na'urar a gaban mai shago, ya karanta SMART, wato rahoton lafiyar kowane faifai, ya ga awa nawa ya yi yana juyawa da ko ya fara tara wuraren da suka lalace. Saba tokumbo ba laifi, amma faifan da ke cikinta a cire kuɗinsu daga ciniki, a sayi sababbi, kuma kada duka su fito daga kwali ɗaya.